Kwas ɗin intanet ya isa in riƙa ƙimanta gidaje?

Tambaya: Malam, ni dillalin filaye ne a Kano. Na biya kuɗi na yi kwas na mako takwas ta Zoom, aka turo min satifiket wai na ƙware a ƙimanta gidaje. Yanzu wasu magada sun nemi in yi wa gidan mahaifinsu kuɗi a rubuce, sai wani ya ce zan iya shiga hannun hukuma. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sa hannu a takardar nan. A Najeriya, mai rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu ƙimanta kadarori rajista, shi ne kaɗai doka ta yarda ya ƙimanta kadara ya buga hatimi, tun dokar soja mai lamba 24 ta 1975. Hanyar sananniya ce: digiri ko HND a fannin kula da kadarori daga makarantar da aka tantance, horo a ƙarƙashin mai rajista, jarrabawar NIESV (ƙungiyar ƙwararrun masu ƙimanta kadarori ta Najeriya), sannan rajista.

Laifin ba na intanet ba ne. Mu ma masu rajista ta Zoom muke halartar wasu tarukan ƙarin ilimi. Abin dubawa shi ne wa ya tantance kwas ɗin: NUC ce ke duba jami'o'i, NBTE kuma kwalejojin fasaha.

Abin da ke ƙona min rai shi ne maganar nan da kullum nake ji: "Ai makarantar tana da rajistar CAC." To sai me? CAC sunan kamfani take yi wa rajista, mai shagon shinkafa ma yana da ita. Ba ta duba manhaja, ba ta san malaman ba, ba ta ba kowa izinin koyar da sana'a. Masu kwas ɗin sun san haka sarai, amma sai su manna lambar a saman satifiket, su tara kuɗin matasa. Wanda bai taɓa shiga gida ya duba tsagewar bango ba, bai san shekarun da suka rage a takardar mallaka ba, shi zai yanke rabon marayu? Idan ka rage kuɗin gidan ka cuci magada, idan ka ƙara ka haɗa su rigima, kuma banki ba zai karɓi rahoto marar hatimi ba. Haƙƙin yana wuyanka, masu kwas ɗin kuwa sun riga sun ci kuɗinsu.

Ka ci gaba da dillancinka, ka yi rajista da SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram. Magadan kuma ka haɗa su da mai hatimi, su nemi lambar rajistarsa kafin su biya.