Sun Kwaikwayi Injina, In Kai Su Kotu?

Tambaya: Ni mai walda ne. Shekara uku ina gwaji kafin na haɗa injin ɓarar gyaɗa da ba ya fasa ƙwaya, na yi masa rajista har na karɓi takardar mallaka. Yanzu shaguna biyu a layinmu suna ƙera irinsa suna karya farashi. Ina da kuɗin da na tara na sayen ƙarfe. In ba wa lauya kuɗin?

Amsa: Malam, wannan abu da ciwo, kuma gaskiya tana gare ka. Amma kafin ka taɓa kuɗin ƙarfen nan, bari in ba ka labarin wasu masu sana'ar hannu irinka.

Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane, masu shagon kekuna ne a garin Dayton na Amurka. Su ne suka tayar da jirgin sama mai inji a ranar 17 ga Disamba 1903, tashin farko na daƙiƙa 12 kacal. Takardar mallakar da aka ba su a 1906 ta shafi yadda ake sarrafa jirgi ne: suna jan waya su murɗa bakin fukafukai, jirgin ya karkata inda suke so. Sai wani mai ƙera jirage, Glenn Curtiss, ya fito da nasa, mai 'yan ƙananan marafe a fukafukai masu ɗagawa da sauka. A 1909 suka maka shi a kotu, suka bi wasu matuƙan Turai da ƙara su ma.

Nan ne inda nake so ka tsaya da kyau. Wilbur, wanda hannunsa ya saba da katako da waya, ya koma zaryar ofisoshin lauyoyi da tulin takardu. Zazzaɓin taifod ya kwantar da shi yana a galabaice, ya rasu a 1912 yana da shekara 45. A 1914 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya. Ka san me Curtiss ya yi? Ya sauya ƙirar kaɗan, ya sa marfi ɗaya ke motsi a lokaci guda, shari'a ta dawo ɗanya. A tsawon shekarun nan jiragen Wright ba su canza sosai ba, Faransa da Jamus kuwa sun yi musu fintinkau. Orville ya gaji, ya sayar da kamfanin a 1915.

Yaƙi ne ya raba gardamar. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, gwamnati ta matsa wa masu ƙera jirage suka haɗa takardunsu wuri guda, kowa ya ƙera, ya biya dala 200 kan kowane jirgi. A 1929 ma kamfanonin biyu suka haɗe suka zama Curtiss-Wright. Abin takaici, sulhun da aka yi daga baya ana iya yin sa tun Wilbur yana raye.

Don haka kuɗin ƙarfe ya tafi ga ƙarfe. Shari'ar irin wannan a Najeriya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, kuma maƙwabcinka na iya sauya ƙusa biyu ya ce nasa daban ne. Biya lauya kuɗin wasiƙa guda kawai, wadda za ta sanar da su kana da rajista. Daga nan ka nemi shugaban ƙungiyarku ya zaunar da ku, ka ba su izinin ƙerawa bisa wani kaso a kan kowane inji, a rubuce, a kuma yi wa yarjejeniyar rajista. In sun ƙi, ƙofar kotu tana nan.

Ka kuma duba ko ka biya kuɗin sabuntawa na bana. Takardar tana aiki shekara 20 ne daga ranar da ka shigar da buƙata, amma tana faɗuwa idan ba a biya na shekara-shekara ba, kuma shi ne abu na farko da lauyansu zai bincika.