Muna saka gasar gem ɗinmu a layif, yanzu ana zargin wasu da leƙe, ya za a yi?

Tambaya:

Salam oga, dan Allah ina neman shawara. Ni da abokaina muna haɗa 'yar gasa ta PUBG Mobile, tim 12 ne, mu buɗe ɗaki kowa ya shiga, ni ba na bugawa ina shiga ne a matsayin ɗan kallo sai in saka wasan layif a YouTube daga wayata saboda sauran mutane su gani. To wancan karon rigima ta kaure, wata tim ta ce wai waɗanda suka ci sun kunna layif ɗin a wata waya suna ganin inda kowa ya ɓuya. Ga shi kuma hoton yana ta maƙalewa 'yan kallo na ƙorafi. Su manyan gasa ya suke yi ba a leƙa musu? Kuma me ya kamata in gyara?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da maganar leƙen don ita ce babba, maganar hoto mai sauƙi ce.

Gaskiyar magana ko sun leƙa ko ba su leƙa ba, kai ne ka bar ƙofar a buɗe. Ɗan kallo a irin waɗannan gem ɗin yana ganin abin da mai bugawa ba ya gani, kai kana tsalle daga wannan tim zuwa waccan, ka buɗe taswira kowa ya bayyana a kai, ka san wa ke kwance cikin ciyawa wa ke saman bene, alhali shi mai bugawa duk wahalar da yake sha ta neman wannan labarin ce. To idan abin da ke allonka yana isa YouTube cikin sakan kaɗan, ko ma a ce rabin minti, ai duk wanda ke da waya ta biyu a gefensa ya samu idon da bai kamata ya samu ba. Kuma ba sai shi da kansa ya kalla ba ma, ƙaninsa na zaune a gefe yana kallo yana cewa ga su can bayan dutse, shi ke nan an gama da su.

Maganin da kowa ke amfani da shi tun daga ƙananan gasa har manya shi ne jinkiri. Wato abin da 'yan kallo ke gani ba yanzu yake faruwa ba, ya riga ya faru mintuna da suka wuce. A League of Legends idan ka shiga kallon wasan abokinka ta cikin gem ɗin, minti 3 kake a baya. A Dota 2 minti 2 ne aka saba, kuma mai shirya gasa yana iya ɗaga shi zuwa minti 5. Counter-Strike kuwa tun zamanin HLTV, wato tsohon tsarinsu na kallon wasa, shekara sama da 20 ke nan, suke da wannan tsarin, mai riƙe da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da wasan, yana da umarni guda da ake kira tv_delay da zai rubuta yawan sakan ɗin da yake so. Abin lura a nan, ba wai kowa ya zaɓi lambar da ta yi masa daɗi ba ne, ana duba tsawon lokacin da labari ke ɗauka kafin ya lalace. A Counter-Strike zagaye ɗaya minti 1 da sakan 55 ne, in an dasa bam a ƙara sakan 40, saboda haka labarin da ya kwana minti 2 kusan ba shi da amfani, an riga an sake sabon zagaye. A Dota kuma akwai ɗan abin da ake dasawa a ƙasa yana haska maka wuri, yana yin minti 6 kafin ya mutu, ka ga kenan jinkirin minti 2 bai rufe shi ba, wanda ya leƙa zai iya zuwa ya tumɓuke shi, shi ya sa masu gasa da yawa suka fi son 5.

Naka gem ɗin ya fi duk waɗannan buƙatar jinkiri mai tsawo, kuma mutane ba sa lura da hakan. A PUBG tim na iya kama gida ɗaya ta zauna ciki minti 4 ko 5 ba ta motsa ba in dai da'irar, wato yankin da gem ɗin ke ta matsewa dole kowa ya shiga cikinsa, ta faɗo a kansu, wasa ɗaya a taswirar Erangel yana kai kusan rabin awa. Idan ka sa jinkirin sakan 60 ka ce ka yi maganin abin, wlh ba ka yi komai ba, suna nan inda ka nuna su. Ni shawarata kar ka yi ƙasa da minti 3, in akwai kuɗi a gasar ka kai shi 5.

Yanzu ta ina za ka sa jinkirin. A nan ne wayar kaɗai za ta ba ka wahala. Shi YouTube yana da wurin ƙara jinkiri a shafin da ake saita layif amma iyakarsa minti 1, bai isa ba. Hanyar da ta fi ita ce ka nemi laftof ko da ba mai tsada ba, ka sauke OBS Studio, manhajar saka layif ce kuma kyauta ce, ka jona wayar da kebul ka yi amfani da scrcpy, shi ma kyauta, yana kawo allon Android kan kwamfuta, sabbin fitowarsa har da sauti in wayar Android 11 ce ko sama. Sai OBS ya ɗauki wannan tagar ya tura YouTube. A cikin saitin OBS ɓangaren Advanced akwai inda aka rubuta Stream Delay, ka kunna ka rubuta 300 in minti 5 kake so, da sakan yake lissafi. Yana tara bidiyon ne a RAM kafin ya sake shi kuma ba wani cin wuri yake ba, a 3000 kbps, wato yawan datar da bidiyon ke turawa a sakan, minti 5 bai wuce kamar MB 112 ba. Abu ɗaya da ke kama sababbi, in wasa ya ƙare kar ka rufe OBS nan take, ka tuna 'yan kallo suna baya da minti 5, in ka yanke to ka yanke musu faɗan ƙarshe ne gaba ɗaya, ka bari sai abin da ya tara ya gama fita.

Jinkirin yana da nasa ciwon kai, ba zan ɓoye maka ba. Hira da masu rubutu a ƙasan bidiyo za ta zama wani iri, mutum ya tambaye ka abu ka amsa sai bayan minti 5 ya ji amsar. Sannan waɗanda aka fitar daga wasa ko waɗanda suka ci za su ruga su rubuta sakamako a wurin sharhi tun 'yan kallo ba su kai nan ba, su ɓata wa kowa daɗin kallon. Wannan sai ka sa mutum ɗaya yana gadin wurin yana gogewa, ka kuma sa shi a doka cewa duk ɗan wasan da ya yi haka za a cire wa tim ɗinsa maki.

Amma fa ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Jinkirin OBS yana kare layif ɗin ne kawai, bai taɓa waɗanda ke cikin ɗakin a kujerar 'yan kallo ba, su suna ganin abin da kake gani a lokacin da kake ganinsa. In ka bar lambar ɗaki da kalmar sirri suna yawo a guruf kowa ya shigo ya zauna, to ko jinkirin awa 1 ka sa aikin banza ne. Kujerar kallo ta zama kai ne da wanda ke taya ka, mutanen da ba su da ɗan'uwa ko aboki na kusa a cikin masu bugawa in zai yiwu, duk wani baƙon suna ka fitar da shi kafin a fara. Kar ka ga kamar tsanani ne, manya ma nan aka kama su. A 2020 an gano wata ɓaraka a Counter-Strike (CS:GO) da ke ba kocin tim damar ganin wani sashe na taswira daga kujerarsa ta kallo, wasu suka yi shiru suna amfani da ita har tsawon shekaru, a watan Satumba na shekarar hukumar ESIC mai sa ido kan maguɗi a gasar gem ta dakatar da koci 37 lokaci guda. Kafin nan ma a gasar duniya ta League of Legends ta 2012 a Los Angeles, 'yan tim ɗin Azubu Frost na Koriya ta Kudu sun waiwaya sun kalli babban allon da ke nuna wa 'yan kallo taswira a wasansu da tim ɗin TSM, aka ci su tarar dala 30,000. In mutanen da ke kan dandamali kamara na kansu sun iya waiwayawa, ina ga wanda ke ɗakinsa shi kaɗai ba mai ganinsa.

Shi ya sa gasar da ake yi a zaure ɗaya take iya tafiya kusan kai tsaye ba dogon jinkiri, don can an karɓe wayoyi, akwai alƙali tsaye a bayan kowace tim, an toshe musu kunne da abin da ke hana jin ihun 'yan kallo da muryar masu sharhi. Ta intanet ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan, jinkiri kawai gare ka.

To maganar maƙalewar hoto. Kusan kullum matsalar ba ƙarfin saukewa ba ce, ƙarfin turawa ne, kuma mutane in sun gwada gudun intanet lambar farko kawai suke kallo. Ka duba ta biyun. In turawarka 5 Mbps ce kar ka saita bidiyon sama da 3000 ko 3500 kbps, ka bar sarari saboda sabis yana hawa yana sauka. 720p da hoto 30 a sakan ya ishe ka, yawancin masu kallonka a waya suke ba za su ma ga bambanci da 1080p ba, amma za su ga maƙalewa, kuma ita ce ke korar mutum. Ka yi lissafin data ma tun da wuri, 3000 kbps yana cin kamar GB 1.35 a awa 1, in ka hau 6000 ya ninka ya zama 2.7. Wani abin kuma, yanzu wayarka ɗaya ce ke tafiyar da gem ɗin, take ɗaukar allo, take matse bidiyon, take turawa, ga caji a jiki, dole ta yi zafi, in ta yi zafi kuma ita da kanta take rage gudu don kar ta lalace. Da ka mayar da rabin aikin kan laftof za ka ga ta samu sauƙi. Kuma ka kashe sanarwa kafin ka fara, kar saƙon wani ya faɗo a allo duniya na kallo.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa don shi ne ke raba layif mai daɗi da wanda mutum zai shiga ya fita, wato riƙe kamara. A ƙwallon ƙafa mai kamara ƙwallo ɗaya yake bi, kai kuma tim 12 gare ka a warwatse kuma faɗa na iya tashi wuri 3 lokaci ɗaya. A manyan gasa wannan sana'a ce mai zaman kanta, tun lokacin da tashar OGN ta Koriya ke saka StarCraft a talabijin a farkon shekarun 2000 ake da mutanen da aikinsu kenan, yanzu kuma za ka samu mutum da yawa kowa na bin ɓangarensa da wani a sama yana zaɓar wanda za a nuna. Kuskuren sabon shiga shi ne bin jerin sunayen waɗanda aka kashe, yana ganin suna ya fito sai ya yi tsalle can, ya tarar an gama. Ka riƙa kallon taswira kana tambayar kanka su wa za su haɗu nan da sakan 20, ka je ka jira su. In ka kama faɗa ka tsaya a kansa har ya ƙare ko da wani ya tashi a wani wurin, yawan tsalle-tsalle yana sa ɗan kallo jiri kuma a ƙarshe bai ga ko ɗaya ba. Duk lokacin da sabuwar da'ira ta fito ka buɗe taswirar na ɗan lokaci mutane su ga wa ya dace wa zai yi gudu. Kuma in da hali kar ka haɗa kamara da sharhi kai kaɗai, ka samu aboki mai baki ya zauna kusa da kai da makirfo, muryarsa ta bi ta cikin OBS ɗin don ta tafi tare da hoton a jinkiri ɗaya. Kiɗan mutane kuma ka bar shi, YouTube na da tsarin Content ID da ke gane waƙa, zai iya toshe bidiyon ko ya kai kuɗin tallan wurin mai waƙar.

Ita kuma rigimar da ta riga ta faru, ni ba zan ba ka shawarar ƙwace nasarar ba. Leƙe yana da wuyar tabbatarwa, ƙwararren ɗan wasa yana iya cankar inda mutum yake daga ƙarar harbi ko motar da aka ajiye a ƙofar gida ko yadda da'ira ta faɗi, sai ya yi kama da wanda aka faɗa wa. In layif ɗin yana nan a tasharka ka koma ka kalla, abin da za ka nema shi ne tim ta bar hanyarta ta nufi wurin da ba ta da wani dalilin sanin akwai mutum, jim kaɗan bayan ka nuna wurin, kuma ba sau ɗaya ba. In ba ka ga haka a fili ba ka bar musu cinsu, ka gaya wa kowa cewa ba a sa jinkiri ba wancan karon amma daga yanzu akwai. Gasa ta gaba ka rubuta dokokin ka tura kafin ranar: jinkiri minti nawa, su wa aka yarda su zauna kujerar kallo, kuma kowace tim mutum ɗaya ya ɗauki allonsa da muryoyinsu tun daga farko har ƙarshe ya ajiye, in ƙorafi ya taso a ce ya turo, wanda ya ce bai ɗauka ba makinsa na wannan wasan ya tafi.