Amsa ga mahaifiyar yaro mai galahanga da aka ce makinsa ya yi ƙasa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce ɗanki shekararsa 5, likita ya tabbatar yana da galahanga, wato otizim, kalmominsa ba su wuce goma ba, an yi masa gwajin ƙwaƙwalwa, wato na kaifin fahimta, inda 100 ne matsakaicin maki, makinsa ya faɗi ƙasa da 70, kina tambaya ko shi ke nan ba zai ji daɗin rayuwa ba. Allah ya ba ki ladan ɗawainiya.

Kada makin nan ya hana ki barci. Gaskiya ne akwai masu raunin fahimta a cikin yaran nan. Alƙaluman CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun nuna sun ɗan haura kashi ɗaya cikin uku. Amma yawancin gwaje-gwajen da baki ake yin su, a ɗakin da yaro bai sani ba, gaban baƙo, wani lokaci ma da Turanci. Yaron da bai amsa ba, ba lallai ne bai gane ba. Akwai gwajin da ba ya buƙatar magana, kamar Raven da Leiter, inda ake haɗa siffofi da zane, kuma yara masu galahanga da yawa sun fi taɓuka abu a irinsu. Ki nemi a sake da ɗayansu bayan shekara ɗaya ko biyu. Kafin nan a gwada jinsa, domin raunin ji yakan ɓuya a bayan rashin magana.

Abin da ya fi taɓa walwalarsa yau da gobe shi ne barci, ciki, da hanyar faɗin abin da yake so. Ɗan shekara 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a kwana guda. A kashe waya da talabijin awa ɗaya kafin kwanciya, a riƙe lokaci guda, a bi jeri guda kullum: wanka, kayan barci, addu'a, kashe fitila. Ciki kuwa, yaron da ya kafe kan taliya da biredi yakan yi fama da taurin bayan gida, kuma ba zai ce miki cikinsa na ciwo ba. Sai dai ki ga yana buga kai a bango, ko yana danna cikinsa a gefen kujera. Sau da yawa abin da ake kira taurin kai ciwo ne: haƙori, kunne ko ciki.

Ki fi ba da ƙarfi a kan roƙo da hoto. Ki ɗauki hoton abubuwa uku da yake matuƙar so, misali kofinsa na kunu, ayaba, da motar wasansa. Hoton ainihin nasa, ba na intanet ba. A wanke su girman tafin hannu, a rufe da leda mai kauri. Mutum biyu ake bukata. Ke ki riƙe ayabar a gabansa, ki yi shiru. Da ya miƙo hannu, wanda ke bayansa ya kama hannun a hankali, ya sa shi ya ɗauki hoton ya ajiye a tafinki. Nan take ki ce "ayaba", ki ba shi ɗan yanki. Ɗan yanki fa, don a samu maimaitawa sau goma kafin ya ƙoshi. Inda ake ɓata aikin: a riƙa cewa "me kake so?" tun farko, sai ya koyi jiran tambaya maimakon ya fara da kansa, ko a kulle hotunan a durowa, ko idan ya yi kuka a miƙa masa ba tare da hoton ba. Kuma hoto ba ya hana baki buɗewa, wannan fargaba ce kawai.

Sa wando, wanke hannu da shiga banɗaki ba sa zuwa da kansu, ko ga masu maki sama da 100. A koya daga ƙarshe: ki sa masa wandon har cinya, shi ya ja zuwa ƙugu. Idan ya iya, ki tsaya a gwiwa, sannan idon sawu. Kullum shi ne mai ƙarasawa.

A rufe bakin rijiya da marfi mai kwaɗo, a sa sakata sama da tsayinsa, domin yaran nan sukan sulale waje kuma ruwa na jan su. Idan kuma kin ga ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, kin taɓa shi bai motsa ba, ki ɗauka a bidiyo ki nuna wa likita; farfaɗiya ta fi yawa a cikinsu. Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna za su iya dubawa.

Duka da ɗauri tsoro kawai suke ƙara masa. Babu ƙwaya ko jiƙon da ke cire galahanga. Maganin risperidone da ake ba wasu don rage tsananin fushi ne, yana sa ƙiba da kasala, kuma likita ne kaɗai zai rubuta shi, yana auna nauyin yaron lokaci-lokaci.