Zauren Anti: Fim ɗin Kodin da Sirrin Ƙanwata

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Kwanakin baya wata ta sake turo fim ɗin nan na BBC kan shan kodin a zauren danginmu na WhatsApp, sai rigima ta ɓarke. Babban yayanmu ya ce tonon asiri ne, Turawa ne kawai ke neman ɓata wa Kano suna, ya sa aka goge shi. Hajiyarmu ta ce ko kallonsa ba za ta yi ba. Ni kuwa na kalle shi har ƙarshe ina hawaye, domin ƙanwata da muke ciki ɗaya tana sha. Shekararta biyu da aure, tana goyo. Na ga kwalabe a ƙasan kwandon wankinta, da farko ta ce na tari ne, daga baya ta amsa, ta haɗa ni da Allah kada in gaya wa kowa. Mijinta bai sani ba. In na faɗa, na tona mata asiri, ƙila ma aurenta ya mutu. In na yi shiru kuma ban san inda abin zai kai ba. Shin gaskiyar yayanmu ce? Yaya zan yi?
*Wata 'yar'uwa daga Gwale, Kano*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Bari mu fara da abin da ba ya jira, wato jaririn da ke bayanta. Kodin yana bi ta ruwan nono. Hanta tana juya wani ɓangarensa ya koma mofin, wani sinadari mai ƙarfi da ke sa barci yana rage numfashi, kuma akwai matan da jikinsu ke yin wannan da sauri fiye da na sauran, shi ya sa likitoci suka hana mai shayarwa shansa ko da don ciwo ne. Ki je gidanta ki duba yaron da idonki. In yana barcin da ya wuce kima, ko yana kasa kama nono, ko jikinsa ya saki, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a kai shi asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita gaskiyar abin da uwar ke sha. Kada kuma ta yanke sha ko ta yaye shi dare ɗaya ba da sanin likita ba, domin jikin yaron ma zai iya kasancewa ya saba.

Sai zancen fim. Sunansa Sweet Sweet Codeine, sashen bincike na BBC da ake kira Africa Eye ne ya fitar da shi a ƙarshen watan Afrilun 2018. 'Yar jaridar da ta jagoranci aikin, Ruona Meyer, 'yar Najeriya ce, kuma ɗan'uwanta na jini ya faɗa cikin wannan masifa, ta faɗa da bakinta a cikin fim ɗin. A ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da haramta shigo da maganin tari mai kodin da kuma haɗa shi a cikin gida. Ma'aikatar ta ce dama kwamitinta ya daɗe yana aiki a kan batun, amma kowa ya ga ranar da sanarwar ta fito. Cikin 'yan kwanaki hukumar NAFDAC ta garƙame kamfanonin magani uku, ɗaya a Legas, biyu a Ilorin, kafin daga baya ta buɗe su.

Lokacin ina aikin jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, don haka ba a waya kaɗai na ga yadda mutane suka karɓi fim ɗin ba. A majalisu da Facebook maza suna ta faɗa irin na yayanku. A bakin ƙofar ɗakin likita kuwa wani abu daban muke gani. Iyaye mata, waɗanda a da in sun kawo 'ya sai su ce iska ce ta taɓa ta ko kishiya ce ta yi mata sammu, sai ga su suna sunkuyowa suna cewa a hankali, "Sista, irin na fim ɗin nan ne." Ba na manta wata dattijuwa da ta zauna gabana ta kwance bakin zanenta, ta zazzage kwalabe marasa komai a kan tebur, duk an ɓare takardun jikinsu don kada a gane. Ta ce a cikin tukunyar garar 'yarta ta same su, kuma ta daɗe tana ganinsu tana kawar da kai, sai da jikanta ya nuna mata fim ɗin a waya ta gane abin da take kallo. Wannan baiwar Allah ba ta zagi kowa ba, ba ta kuma yaba wa kowa ba. Tambayarta ɗaya ce: ana warkewa?

Na fahimci fushin yayanku, kuma ban raina shi ba. Mun gaji da yadda in kyamarar waje ta shigo Arewa ba ta ganin komai sai bara da bindiga. Amma a wannan karon zargin bai tsaya ba. Tun a 2017, kafin fim ya fito, a zauren Majalisar Dattawa aka faɗi cewa ana shan kwalaben kodin kusan miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa. Kamfanonin da aka bi diddiginsu kuma ba a Kano suke ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kudu maso Yamma ce kan gaba da kashi 22.4 cikin 100, Arewa maso Yamma tana da kashi 12. Wato ciwon na ƙasa ne baki ɗaya, ba tambarin Bakano ba ne. Sai dai a wannan binciken, mutum sama da miliyan ɗaya daga cikinsu a jihar Kano suke. Yayanku ya goge fim daga waya, alhali ƙanwarsa na cikin irin wannan lissafin bai sani ba. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai cikin wasiƙarki.

Ni ma akwai inda fim ɗin ya dame ni, amma ba inda ya dami yayanku ba. Ɓoyayyiyar kyamarar da aka ɗora wa ma'aikacin kamfani yana sayar da katan-katan ta bayan fage, wannan daidai ne, domin cutar da jama'a yake yi a ɓoye, kuma babu wata hanyar kama shi. Amma matasan da aka nuna a cibiyar gyaran hali ta Dorayi, ɗaure da sarƙa suna ihu, su marasa lafiya ne. Mutumin da ke cikin wannan hali ba shi da hankalin da zai ce na yarda ko ban yarda ba. A gari irin Kano kuma, ko an rufe fuskar mutum, 'yan unguwarsu sun san muryarsa. Abin da ya fi muni mu muka yi shi da hannunmu: aka riƙa yanko wannan gurbin ana yaɗawa ana dariya, yara suna kwaikwayon ihun. Ɗan wani ne fa. Wata rana zai warke ya nemi aure, bidiyon kuma yana nan a intanet.

To, batun rufin asiri. Hadisi ne ingantacce cewa wanda ya rufa wa Musulmi asiri Allah zai rufa masa nasa duniya da lahira, kuma Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya hana bin diddigin mutane da cin namansu. Amma malamai ba su taɓa cewa kai ƙara wurin wanda zai iya gyara giba ce ba. Hindatu 'yar Utba ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta faɗi cewa mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da 'ya'yanta, kuma bai tsawata mata ba, mafita ya ba ta. Imam Nawawi ya lissafa neman taimako don kawar da ɓarna cikin wuraren da ya halatta a ambaci aibin mutum. In kin kai ƙanwarki gaban likita, asirinta kika rufa. Tonon asiri shi ne ki saka zancen a zauren dangi, ko ki bai wa ƙawarki labari, ko ki yi mata gori ranar da kuka yi faɗa. Alkawarin da ta sa kika ɗauka, na yin shiru har abin ya ci ta ya ci ɗanta, ba alkawarin da za a riƙe ba ne.

Ki koma wurinta ke kaɗai, ba da faɗa ba. Ki ce mata kin riƙe sirrinta kuma za ki ci gaba da riƙewa daga mutanen gari, amma likita ba ya cikinsu, kuma ki sa ranar da za ku je tare cikin makon nan. A Kano akwai asibitin Dawanau da sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In tana tsoron haɗuwa da idon sani, akwai asibitin Tarayya na Barnawa a Kaduna. Ki gaya mata abin da zai same ta don kada ya zo mata bagatatan: hamma, majina, gumi, gudawa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. Yakan yi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi cikin mako guda, kuma akwai magungunan rage shi. Ki tambaye ta ko tana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su Roche ko diazepam, domin wannan haɗin ne ke tsayar da numfashi cikin barci. Ki kuma tambaye ta abin da ya fara kai ta, domin da yawa daga matan da na yi jinya kaɗaici ne, ko damuwar bayan haihuwa, ko ƙawar da ta ce "sha ki huta".

Gidan mari kuwa, ko wa ya kawo shawarar, ki tsaya kai da fata ki ƙi. Kin tuna abin da 'yan sanda suka tarar a wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a Satumban 2019, mutum sama da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Sarƙa ba ta cire kodin daga jiki.

Mijinta yana da haƙƙin ya sani, domin ɗansa ne a tsakiya. Amma ya fi kyau ya ji daga bakinta bayan ta fara ganin likita, ke kina zaune a gefe, ko Hajiyarku in kin san za ta iya daurewa. Ke kin fi ni sanin halinsa. In mai duka ne, kada a gaya masa sai tana gidanku.

Tambaya: Anti, ni mai kemis ne. Tun da fim ɗin nan ya fito ake mana kallon dillalan ƙwaya, alhali ni ban taɓa sayar da kwalba ɗaya ta bayan kanta ba. Kuma haramcin bai hana komai ba, sai tsada da ya ƙara.
*Mai kemis daga Funtua*

Amsa: Malam, Allah ya ƙara maka tsoronsa. Gaskiyarka ce cewa haramci bai kashe kasuwar ba, wasu sun koma tramadol, wasu suna sayen na fasa-ƙwauri da ninkin kuɗi. Amma zargin da ake muku ba fim ne ya ƙirƙiro shi ba, abokan sana'arku ne suka jawo, kuma kai ka san su fiye da ni. Abin da ya sa a farkon 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shaguna sama da dubu a Kano, suka matsa wa 'yan kasuwar magani ta Sabon Gari su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro, ke nan. Ka rataye lasisinka inda kowa zai gani, ka riƙa sayen kaya inda ake ba da rasit. In an aiko yaro da 'yar takarda daga wani gida yau, gobe ma a aiko shi, kada ka kore shi da tsawa a gaban mutane. Ka ce ba ka da shi, sannan ka sa maiɗakinka ko wata dattijuwar da ka yarda da bakinta ta leƙa gidan.