Amsa ga 'yata kan man kaɗanya da kwallin jariri

'Yata, saƙonki ya iso ni, na kuma yi murna da jin cewa ke da jaririyar kuna cikin ƙoshin lafiya. Kin tambaye ni ko ya dace ki bi abin da surukarki take so, wato a riƙa shafe yarinyar da man kaɗanya a kuma sa mata kwalli kowace safiya kamar yadda aka yi mana. Zan raba miki maganar gida biyu, domin a shekarun da na yi ina aikin jinya na ga cewa fata da ido ba hukuncinsu ɗaya ba.

Man kaɗanya dai ki karɓe shi hannu bibbiyu. Kakarki, Allah ya jiƙanta, da kanta take yinsa: a tsinto 'ya'yan kaɗanya da damina, a dafa ƙwarar a shanya, a fasa, a soya, a niƙa, sannan a yi ta bugun ƙullin da hannu ana zuba ruwa har kitsen ya taso fari, a kwashe a tafasa a tace, a bar shi ya daskare a cikin ƙwarya. Aiki ne na kwanaki, shi ya sa nake jin ciwo idan na ga an haɗa shi da wani mai ana sayarwa da sunan na asali. Na gaskiya yana narkewa a tafin hannu, ƙanshinsa kuma ba ya ɓuya. Da shi muka yaƙi kaushi da faso a lokacin hunturu, kuma ya isa ga jikin jaririya bayan wanka. Sai dai kada ya taɓa cibiya kafin ta warke, domin buɗaɗɗen rauni ce. A nan maganin shafawa da aka ba ki a asibiti shi kaɗai za ki sa. Ruwan ganyen darbejiya kuma ki bar wa kanki a wankan jego, muddin bai kai zafin ƙona fata ba.

Kwalli ne inda zan saɓa wa al'adar da na tashi a cikinta, kuma ba da sauƙin zuciya nake faɗa ba, don har yanzu tandun mahaifiyata yana cikin akwatina. Dutsen nan mai walƙiya da ake niƙawa yawancinsa dalma ce. A shekarar 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma da yawa a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da suka auna kwallin da ake sa masa sai suka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, gubar ta taru a hankali ta taɓa ƙwaƙwalwa ba tare da an ga alama ba. Kin san abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400. Idan an ce miki kwalli sunna ne, ki amsa da ladabi cewa ismidi, wani irin dutsen kwalli daban, aka ambata a hadisi, mai saye a kasuwa kuwa ba shi da hanyar bambance shi da dutsen dalma. Ga kuma tsinke ɗaya da gida duka ke amfani da shi, wanda da shi apolo ke zagaye yara.

Haka nan kada ki yarda a ɗiga mata ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko tsimin wani ganye. Na karɓi yara da aka kawo bayan irin wannan, baƙin idon ya riga ya yi fari, babu abin da za mu iya. Idan kin ga kwantsa, ki goge da auduga da tafasasshen ruwan da ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Idan kuwa fatar idon ta kumbura ko ruwa mai kauri yana fita a wannan wata na farko, ku tafi asibiti a ranar.

Surukarki ƙauna ce ta sa take nema, saboda haka kada ki yi musu da ita a gaban mutane. Ki sa mijinki ya yi mata bayani, ki kuma miƙa mata man kaɗanyar ta riƙa shafa wa jikarta da hannunta. Zan aiko miki da ƙwarya guda ranar kasuwa, idan kuma ta ƙi sauraro ki gaya mini in zo mu zauna da ita.

Goggonki.