Tambaya da amsa: Ina tarihin sorayenmu ya shiga?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Marwa, a arewacin Kamaru, ina son rubuta kundina a kan tsofaffin sorayen unguwannin Hausawa na Marwa da Garwa. Na bi littattafai, ban ga komai ba sai ɗakunan ƙasa na ƙabilar Musgum. Lokaci yana ƙure mini, ga shi zauren kakanmu da nake son farawa da shi kawuna zai sa a shafe shi da siminti kafin damina. Ko dai babu tarihi a wurin ne?

Amsa: Ɗiyata, kwantar da hankalinki. Tarihi yana nan, masu rubutun ne suka tsaya inda idonsu ya tsaya. Marubuci Bafaranshe André Gide ya bi gaɓar kogin Logon a 1926 ya yaba ɗakin Musgum, a 1931 aka kwaikwayi siffarsa a baje kolin mulkin mallaka na Faris, daga nan kowa ya riƙa kwafar na gabansa. Ko a can ma da wuya ki ga sunan magini, sai dai a ce "ƙabila" ta gina. Zauren Bahaushen Garwa kuwa tsakani ya faɗa: masu rubutu da Ingilishi sun tsaya Kano da Zariya, masu Faransanci suna ganin Bahaushe baƙo ne ɗan kasuwa.

Amma maganar kawunki ta fi tayar mini da hankali, don kullum da ita nake fama. An cusa wa mutane cewa ginin ƙasa zaman jira ne kafin a samu kuɗin bulo. Har takardun ofis suna kiran bulo kayan dindindin, ƙasa kuwa kayan wucin gadi. Wucin gadi! Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a Zariya a shekarun 1830 fa? Katangar fadar sarkin Rai Buba a Kamaru fa? Daga wannan tunani ɗan kwangila yake zuwa da buhunan siminti ya ce zai "ƙarfafa" bango, alhali ko tubali ɗaya bai taɓa murzawa ba.

Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe, yana fitar da shi ta jikinsa. Siminti toshe wannan hanya yake yi, kuma ba ya kama ƙasa. Rana ta buga, ya tsage, ruwan sama ya bi tsagar ya shiga, ya rasa mafita. Waje sumul, ciki yana jiƙa. Ki ƙwanƙwasa irin wannan bango bayan damina biyu ko uku, za ki ji yana amo kamar ganga. Kawunan azara suna ruɓewa a ɓoye, gara ta samu wurin zama, sai wani dare cikin Agusta rufin ya sauko a kan masu barci. Gari na wayewa a ce laifin ƙasa ne, wanda ya shafa simintin kuwa ya ci kuɗinsa ya ƙara gaba. Wallahi wannan cin amana ne, kuma mai sa hannu a ofis bai fita ba.

Ki roƙi kawu, cikin ladabi, ya dakata. A gyara indararo, a kau da ruwa daga gindin bango, a sake yaɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa ta kwana ta tsimu. Ki nemi tsohon magini a unguwa ki zauna gefensa yana aikin: wa ya koya masa, daga ina aka kawo azara, wace shekara kwano ya shigo layin. Ki auna zauren, ki rubuta sunan maginin a babin farko.