'Yan mata a bakin daga: tarihi ne ko ƙirƙira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 16 ta duƙufa karatun wani littafin Turanci, labarin 'yan matan Amurka da aka ɗauka soja aka tura su bakin daga a Yaƙin Duniya na Biyu. Har gardama take yi da yayanta, wai hakan ya faru. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, ba zai rikita mata tarihi ba? Daga wata uwa, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A Amurka hakan bai faru ba. Mata kusan 150,000 sun shiga sashen mata na sojan ƙasa a wancan yaƙi, amma aikinsu buga takardu ne, da tuƙi, da haɗa waya, da tantance wasiƙu. Sai a 2013 aka janye dokar da ta hana su zuwa bakin daga. Littafin 'yarki irin labarin "da a ce" ne: marubuci ya ɗauki tarihi na gaske, ya sauya abu ɗaya, ya bar saura yadda yake, sannan ya bi sawun abin da zai biyo baya. Tunda bai ɓoye cewa ƙirƙira yake yi ba, ni ba zan kira shi maƙaryaci ba.

Sai dai kada yayan nata ya yi saurin murna. A Tarayyar Sobiyet mata kimanin 800,000 suka sa kaki, kuma da yawansu sun yi yaƙin da hannunsu. Lyudmila Pavlichenko, gwanar harbi daga maɓoya, an ƙirga mutum 309 da ta kashe. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne matan rundunar jiragen sama ta 588, masu kai harin bam da dare tun daga 1942. Jiragensu na katako ne da yadi, ba rufi a kan matuƙi, ga sanyin Rasha. In sun kusa inda za su saki bam sai su rage inji, jirgin ya sulalo ba ƙara, shi ya sa Jamusawa suka laƙaba musu "mayun dare". Kakin maza aka ba su, takalman sun yi musu yawa har sai sun cusa tsumma a ciki. Wasunsu shekara biyu ko uku kawai suka girmi 'yarki.

Shawarata, ki bar ta ta karanta, amma ki zauna da ita. Ta nuna miki inda marubucin ya sauya tarihi da inda ya bar shi. In ta iya bambancewa, babu abin da zai rikice mata. Ni abin da na fi jin tsoro shi ne littafin da ke mayar da yaƙi ado, yarinya ta rataya bindiga ta dawo ko ƙwarzane babu. Ki tambaye ta ko nata ya nuna yunwa da tsoro da gawar ƙawa, da kuma abin da ya biyo bayan dawowa gida. Da yawa daga matan Sobiyet ɗin nan ɓoye lambobin yabonsu suka yi bayan 1945, saboda tsegumin mutanen gari kan macen da ta zauna cikin sojoji, wasu har aure ya gagare su.

In ta gama, ki nemo mata labarin Sarauniya Mangu ta Lugu a ƙasar Nijar, wadda ta tari sojojin Faransa a 1899.